Sharhi Kan Hidimar Haɗa Zomo da Abokin Zama a Wata Cibiyar Ceton Dabbobi a Ingila

Cibiyoyin ceton dabbobi da dama a Ingila suna da wata hidima da ba kowa ya san da ita ba. Mai zomo guda zai kai musu nasa, su nemo masa abokin zama daga cikin zomayen da suke riƙe da su, su kuma ci gaba da lura da su a wurinsu har sai biyun sun saba da juna kafin a maido su gida. Na yi amfani da wannan hidima a wata ƙaramar cibiya da ke tsakiyar Ingila, wadda 'yan sa-kai suke gudanarwa, kuma ra'ayina a kanta shi ne ta cancanci kuɗin da jiran da ta ci, sai dai tana da rauni babba a ɓangaren da ya fi damun gida irin namu, wato gidan da zomo ba shi kaɗai ne dabba a cikinsa ba.

Muna da kyanwa babba wadda ta riga kowace dabba zuwa gidan, da ɓerayen Masar guda biyu na 'yata, sai kuma zomo namiji da muke kira Toka saboda launin gashinsa. Wanda ya ga Toka da kyanwar suna kwance a falo ɗaya ba tare da faɗa ba zai ɗauka cewa ba ya cikin kaɗaici, amma zaman lafiya daban, abota daban. Zomon gida jikan zomon daji ne na Turai, wanda asalinsa yankin Sifen da Fotugal ne, kuma a can rayuwarsa ta taro ce a cikin ramuka masu haɗe da juna, inda wani ke lashe wa wani kai da kunnuwa, wani kuma ke gadi yayin da saura suke kiwo. Kyanwa ba ta san wannan ba, kuma a halittarta mafarauciya ce, shi kuwa abin farauta ne. Lokacin da zomo ya fi kuzari shi ne asuba da almuru, daidai sa'ar da mutanen gida suke barci ko suke cikin hidimar abincin dare, don haka mu ma ba mu iya cike masa gurbin ɗan'uwansa. Dokar Walwalar Dabbobi ta 2006, wadda take aiki a Ingila da Wales, ta lissafa buƙatu biyar da wajibi ne mai dabba ya biya mata, ɗaya daga ciki kuwa ita ce a zaunar da ita tare da wasu dabbobin ko a ware ta da su gwargwadon abin da halittarta take buƙata. Ga zomo, wannan yana nufin wani zomon.

Tambayar farko da na yi wa matar da ke kula da zomaye a cibiyar ita ce ko ɓerayen Masar ɗinmu za su iya zama masa abokai, tunda duk masu cin ciyawa ne. Ta ce a'a kai tsaye, ta kuma kawo dalilan da likitan dabbobinmu ya tabbatar mini daga baya. Zomo yana iya ɗauke da ƙwayar cutar Bodetela a hancinsa ba tare da ta dame shi ba, alhali tana iya jefa ɓeran Masar cikin mummunan ciwon huhu. Shuri ɗaya na ƙafar bayan zomo yana iya yi wa ɓeran Masar rauni mai tsanani. Abincinsu ma ya bambanta, domin jikin ɓeran Masar ba ya samar da sinadarin bitamin C da kansa, dole sai an ba shi a abinci, zomo kuwa ba ya da wannan matsalar. Na ji daɗin yadda ba ta yi mini kwana-kwana ba.

Sharuɗɗan cibiyar suna da tsauri, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna janyewa. Na farko, dole a dandaƙe namiji, a kuma jira makonni shida bayan aikin, saboda yana iya yi wa mace ciki a cikin wannan tsakanin, kuma zafin halinsa ba ya sauka nan take. Duk zomayen da cibiyar take bayarwa an riga an yi musu aikin, mata an cire musu mahaifa, abin da yake kare su daga sankarar mahaifa wadda ta yawaita ƙwarai a tsakanin zomaye mata da suka manyanta ba a yi musu aikin ba. Mu da muka taso muka ga ana kiwon zomo domin hayayyafa da nama, wannan sharaɗi yana iya yi mana nauyi a zuciya, ni ma sai da na yi dogon tunani a kansa. Amma zomanya tana haihuwa bayan kimanin kwana 31 da ɗaukar ciki, tana kuma iya sake ɗaukar wani jim kaɗan bayan haihuwar, kuma yawancin zomayen da na gani a cibiyar 'ya'yan irin wannan haihuwar ne da ba a shirya mata ba. Maza biyu da ba a dandaƙe ba kuwa faɗansu yana kaiwa ga munanan raunuka.

Sharaɗi na biyu shi ne allurar rigakafi, kuma sai an nuna katin shaida. Cututtukan da ake tsoro su ne miksomatosis, wadda ta shigo Birtaniya a 1953 ta kusa ƙarar da zomayen daji, da kuma cutar zubar jini ta zomaye, wadda aka fara ganowa a ƙasar Sin a 1984, sannan sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010. Akwai allura guda ta shekara-shekara da aka haɗa domin rigakafin dukansu. Wannan ya shafi gida mai kyanwa fiye da yadda ake zato, domin sauro da ƙuma ne suke yaɗa miksomatosis, kyanwar da take yawo a lambu kuwa tana iya shigowa da ƙumar zomon daji a kunnuwanta, ko da zomon gidan bai taɓa taka waje ba.

Na uku shi ne wurin zama. Cibiyar tana bin ma'aunin ƙungiyar RWAF mai fafutukar walwalar zomaye a Birtaniya, wato fili mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da tsayin mita 1 ga zomaye biyu, wanda za su iya shiga ko'ina cikinsa dare da rana. Kejin da ake sayarwa a kantunan dabbobi bai kai ko kusa ba. Sun nemi hotuna da bidiyon ɗakin da muka ware, suka auna da idonsu, suka ce a ƙara maɓoya mai ƙofa biyu domin kada ɗaya ya rutsa ɗaya a lungu, suka kuma ce kwanon ruwa da wurin busasshiyar ciyawa su zama bibbiyu a farkon zama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake zaɓen abokin. Yarana sun ga wata farar zomanya mai zubabbun kunnuwa a hotunan cibiyar, suka ƙwallafa rai a kanta, amma matar ta gaya musu cikin lallashi cewa zaɓin na Toka ne. An shigar da shi wani ƙaramin shinge da babu warin kowane zomo a cikinsa, aka riƙa kawo masa mata ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci kaɗan. Da farar nan suka haɗu, nan da nan ta kwantar da kunnuwa, ta ɗaga bindi, ta kai masa cizo, aka raba su da katako kafin abin ya yi nisa. Wadda aka tsayar a ƙarshe wata baƙar zomanya ce mai matsakaicin jiki wadda babu wanda ya kula da hotonta, kuma abin da ta yi kawai shi ne ta juya masa baya ta ci gaba da cin ciyawarta. Matar ta ce wannan halin ko-in-kula alama ce mai kyau, domin zomon da ya iya cin abinci a gaban baƙo bai ɗauke shi a matsayin barazana ba. Da a kanti na je na sayo, farar zan ɗauko, kuma babu wanda zai karɓe ta idan zaman ya ƙi.

Daga nan aka bar Toka a cibiyar. Hikimar yin haka ita ce zomo, musamman mace, yana da tsananin kishin wurinsa, kuma duk baƙon da aka shigar masa ɗaki kai tsaye abokin gaba ne. Shi ya sa ake haɗa su a wurin da ba na kowa ba, kamar yadda ake kai masu saɓani zauren wani dattijo maimakon gidan ɗayansu. Suna farawa da ɗan ƙaramin fili, suna faɗaɗa shi sannu a hankali, kuma akwai mai kwana kusa da su a daren farko. A bidiyon da suka turo mini na ga ana bin juna da gudu, ana hawa juna, har da ɗan figar gashi, abin da ya tayar mini da hankali, sai suka bayyana mini cewa ta haka ne suke tantance wanda zai zama babba. Abin da ake tsoro shi ne su riƙa zagaye juna da sauri ko su cakume suna birgima, domin cizon zomo yana yaga fata, kuma zomayen da suka yi irin wannan faɗan da wuya su sake yarda da juna. Na tambaye su game da dabarar da wasu suke yi ta sanya zomaye biyu a kwali a zaga da su cikin mota domin tsoro ya haɗa kansu, suka ce ba sa yin ta, kuma na yarda da matsayinsu.

Ta fuskar tsari kuwa akwai abin gyara. Jiran layi ya yi tsawo, saƙo yakan kwana biyu ba a amsa ba, kuma babu wanda ya iya faɗa mini ranar da za a gama. Na fahimci cewa 'yan sa-kai ne masu nasu ayyukan, kuma haɗa zomaye ba ya da ƙayyadadden lokaci, amma da sun rubuta wannan a fili tun farko da ya rage wa masu yara ƙanana yawan tambaya.

Babban ƙorafina yana kan batun kyanwa. A takardar neman zomo sun tambaya ko akwai wasu dabbobi a gidan, na amsa dalla-dalla, amma takardar shawarwarin da suka ba ni ranar ɗauko su ba ta ce komai a kai ba sai jimla guda, cewa a riƙa lura. Sun yi bayani mai kyau kan wanke ɗakin Toka da ruwan khal domin a kawar da warinsa, da sauya wa kayan ɗakin wuri, da fara zaunar da su a ƙaramin fili, amma duk wannan an rubuta shi ne kamar zomaye kaɗai ne a gidan. Toka ya saba da kyanwar, sabuwar zomanyar kuwa ba ta taɓa ganin kyanwa kusa ba. Da ta hango ta ta gilashin ƙofa sai ta buga ƙafar baya a ƙasa, ta ruga maɓoya, ta kuma huce tsoronta a kan Toka da bi da cizo. Sabon zumunci yana iya wargajewa a kan abu irin wannan.

Likitan dabbobi ne ya cike mini wannan giɓin, kuma abin da ya faɗa ya kamata ya kasance a takardar cibiyar. A rufe ƙofa gaba ɗaya a makonnin farko, a toshe gilashin, a bar su su saba da warin kyanwar ta hanyar tsumman da ta kwanta a kai kafin su gan ta. Kada a taɓa barin su da ita idan babu babba a ɗakin, ko da ta yi shekaru tana nuna hali nagari, domin bakin kyanwa da faratanta suna ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Fasturela, kuma ɗan yakushi da ba a gani a ƙarƙashin gashi yana iya zama ƙurji mai wuyar warkewa a jikin zomo. Yashin bayan gidan kyanwa irin mai dunƙulewa yana toshe hanjin zomo idan ya ci, abincinta ma ba nasa ba ne. Mafi haɗari shi ne maganin ƙuma. Sinadarin fifronil, wanda yake cikin Frontline da makamantansa, yana da amfani ga kyanwa da kare amma yana iya kashe zomo, kuma masu yin maganin da kansu sun rubuta a jikin kwalin cewa kada a yi wa zomo amfani da shi. A gidan da ake ajiye magungunan dabbobi a aljihun tebur ɗaya, wannan gargaɗi ne da bai kamata a bar mutum ya gano da kansa ba. Na rubuta wa cibiyar na ba su shawarar su ƙara waɗannan bayanai, suka amsa da godiya.

Game da kuɗi, abin da na biya na ɗaukar zomanyar da na hidimar haɗawar bai kai abin da zan kashe ba da a ce na sayo wata na kai ta asibiti domin aikin cire mahaifa da rigakafi. Sun kuma rubuta a yarjejeniya cewa za su karɓe ta idan zaman ya lalace. Nauyin da ke biyo baya shi ne abin dubawa: busasshiyar ciyawa, wadda ita ce kusan kashi 85 cikin 100 na abincin zomo, ta ninka, haka rigakafin shekara da kuɗin inshora, kuma zomo yana iya rayuwa shekara 8 zuwa 12. Lura da lafiyarsu ma ta ƙara wuya, domin idan zomaye biyu suna ci a wuri ɗaya ba a saurin gane wanda ya daina ci ko ya daina kashi, alhali zomon da ya yi awa 12 bai ci ba yana buƙatar likita cikin gaggawa. Yanzu nakan tsaya in ga kowannensu ya karɓi ganyen safe da bakinsa.

Sauyin da na gani a Toka shi ne ya sa nake yaba hidimar duk da wannan raunin. Ya daina gwaguyar ƙasan ƙofa, ya daina zaman shiru a lungu, yana miƙe ƙafafu ya kwanta a gefenta, yana sunkuyar da kai domin ta lashe masa, idan almuru ta yi kuma sukan yi tsalle suna murɗa jiki a sama. Bai rage zuwa wurinmu ba, sai ma zomanyar da take koyi da shi wajen karɓar abinci a hannu. Ba a raba su ko da za a kai ɗaya asibiti, tare suke tafiya a akwati guda, saboda wanda ya dawo da baƙon wari ɗan'uwansa yana iya ƙin sa.

Ina ba duk mai zomo guda da ke zaune a Birtaniya shawarar ya nemi irin wannan hidima a cibiyar da ke kusa da shi, ko a rassan ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA da suke bayar da zomaye, maimakon ya sayo daga kanti ya gwada haɗawa da kansa. Idan akwai kyanwa ko kare a gidan, ya tambaye su tun kafin ya sa hannu ko zomon da za a ba shi ya taɓa zama kusa da irin waɗannan dabbobi, ya tanadi ɗaki mai ƙofar da take rufuwa sosai, ya kuma ga likitan da ya ƙware a kan zomaye kafin ranar ɗauko su.