Wace kyamara za ka saya in kana son hoton HDR na jirgin da ya kafe a bakin teku?

Tun ranar da na saka hoton tsohon jirgin kamun kifin nan da ya kafe a gaɓar teku, gabas da Tema a Ghana, samarin unguwannin Nima da Maamobi na Accra ba su bar ni na huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: "Kawu, da wace kyamara ka ɗauka?" Wasu har sun fara tara kuɗi. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani, kada yaro ya kwashi guminsa na wata shida ya miƙa wa wanda ba ya tsoron Allah.

Sai ka fara gane abin da ke wahalar da kyamara a wurin, sannan ka san me za ka nema. A Accra rana tana fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen ƙarfe shida, kusan duk shekara. Idan ka tsaya da asuba ta yammacin jirgin, rana na tasowa a bayansa, sama ta yi ja tana ƙuna, ruwa na walƙiya, shi kuwa gefen jirgin da ke fuskantarka baƙi ƙirin. Idonka yana ganin duka biyu: gajimare da tsatsar da ta ci ƙarfe har ta yi ɓawo-ɓawo, da ragowar shuɗin fenti, da igiyar da ke reto. Kyamara ba ta cika iya haɗa su a bugu ɗaya ba. Ko ta ba ka sama mai kyau da jirgi kamar gawayi, ko ta ba ka jirgi sama kuma ta zama farar takarda. Dabarar HDR ita ce ka ɗauki wuri ɗaya sau uku ko biyar ko bakwai, wani da duhu, wani daidai, wani da haske, ba tare da kyamara ta motsa ba, sannan ka haɗa su a kwamfuta. Saboda haka abin da za ka tambaya a shago ba yawan megafiksel, wato ɗigogin da ke cikin hoto, ba ne. Tambayar ita ce: hoto nawa take iya jerawa da kanta, da wane tazarar haske, kuma za ta jure iskar gishiri?

Ni dai Nikon D7200 nake riƙe da ita, kuma ita nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Ta fito a 2015, tana da megafiksel 24, yanzu kuma sai dai ta hannu, irin wadda 'yan kasuwa ke ce wa hom-yus. Akwai maɓalli a gefen hagu na gabanta da aka rubuta BKT. Ka danne shi ka juya 'yar ƙafar saiti da ke bayan kyamarar, ka zaɓi yawan hotuna har tara. Ka juya ta gaba, ka zaɓi tazara. In tazarar mataki ɗaya ce, wato ninki biyu na haske, ko ƙasa da haka, tana kai tara. In ka buɗa zuwa mataki biyu ko uku, tana kai biyar. Ba sai ka shiga cikin menu kana lalube da jiƙaƙƙen yatsa ba. A bakin teku wannan ba ƙaramin abu ba ne, don jan hasken asuba ba ya jiran kowa, kafin ka gama dube-dube ya zama fari.

Abu na biyu, tana haɗiye hotuna ba ta shaƙe. Yayarta D7100 da ta fito a 2013 kyamara ce mai kyau, amma in ka sa ta a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, tana yin kamar shida sai ta tsaya tana numfashi. D7200 tana kai kusan goma sha takwas kafin ta ja baya, a gudun hoto biyar cikin daƙiƙa. Me ya sa wannan ya dame ni? Jirgi ba ya motsi, amma teku ba ta tsayawa, gajimare ma haka. Duk daƙiƙar da ta shiga tsakanin hoton farko da na ƙarshe, igiyar ruwa ta canja wuri, in ka zo haɗawa sai ka ga kumfa ta yi inuwa biyu-biyu kamar fatalwa. Manhajojin haɗa hoto irin su Lightroom da Photomatix suna da hanyar share wannan, amma gyara ba ya kai wanda bai lalace ba tun farko.

Na uku kuma shi ne ya sa na ƙaunace ta. A ISO 100, wato ƙaramin saiti na ƙarfin jin haske, fayil ɗinta na RAW yana riƙe bayanai a cikin duhu fiye da yadda za ka zata. Sau da yawa nakan ɗauki biyar, in na koma gida in ga uku sun isa, wani lokaci ma guda ɗaya da na auna don sama, na ɗago inuwarsa, ya fito da ƙusoshin jikin jirgin tsaf ba tare da ƙuraje ba. Ga ramin kati biyu, wanda za ka iya sa na biyun ya riƙa kwafe duk abin da na farko ya ɗauka. Ga U1 da U2 a kan ƙafar sama. Na ajiye saitina na teku a U1, wato f/8 na buɗewar lensi (idon kyamara), ISO 100, RAW, hoto biyar, ina sauka daga mota juyi ɗaya ne na shirya. Jikinta yana da roba a gaɓoɓi mai rage shigar ƙura da danshi, batirinta EN-EL15 kuma yana wuce hoto dubu a caji ɗaya. Aibinta da na sani, allon bayanta ba ya lanƙwasawa. In kana son ka ɗauka daga ƙasa-ƙasa, inda jirgi ke yin kwarjini, sai ka durƙusa a jiƙaƙƙen yashi. Na yarda da wannan.

Sauran fa? Nikon D3300 zuwa D3500 su ne suka cika hannun masu koyo, kuma hotonsu ba laifi, sai dai ba su da jera hoto da kansu ko kaɗan. Kowane bugu sai ka taɓa kyamara ka canja, ka manta da su a wannan aiki. Canon 600D da 700D hoto uku kawai suke jerawa, in ka ɗago inuwa kuma sai ƙuraje. Sony a6000 ba ta da nauyi, amma batirinta ba ya daɗewa, kuma da ka cire lensi sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton, na nan tsirara tana shaƙar iskar gishiri. D7500 sun cire mata ramin kati ɗaya, ni kuwa ba na yafe wannan. D750 da Sony a7 III duk sun fi tawa a wasu wurare, in aljihunka zai ɗauki kuɗin lensinsu bismilla; sai dai in D750 ce, ka duba lambarta, don Nikon da kansu sun taɓa fitar da sanarwar gyaran shota, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a kowane bugu, a kan wasu daga ciki. Waya kuma, iPhone ko Pixel ko Samsung, tana yin HDR ɗinta da kanta, kuma don sakawa a WhatsApp ta wadatar. Ranar da ka ce za ka wanke hoton babba ka rataya a falo, a nan za ka ga tsatsa ta zama kamar an shafa ta da man kaɗe.

Lensi, wato idon kyamarar, 18-140mm da ake yawan sayar da ita tare da shi ya isa farawa. In ka samu Tokina 11-16mm mai lafiya, shi ne ke sa gaban jirgi ya taso maka kamar dutse. Ƙafa-uku kuwa, wato abin da ake ɗora kyamara a kai don kada ta motsa, dole ne, kuma mai nauyi. Irin marar nauyin nan na roba da ake ba da shi kyauta tare da jaka, iskar teku kaɗai ta ishe shi rawa. Ka danna ƙafafun cikin yashi sosai, don duk ruwan da ya zo ya koma yana zare yashin da ke ƙarƙashinsu. In ka dawo gida ka wanke su da ruwan famfo a ranar.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don a nan aka taɓa cutata.

Zuwana na farko wurin jirgin, na tashi tun kafin kiran assalatu, na yi sallah a hanya, na isa ruwa ya janye, sama ta yi irin kyan da ban sake samu ba har yau. Na ɗauki jeri ya fi arba'in a kan sabon katin memori da aka rubuta 128GB a jikinsa, wanda na saya kwana biyu kafin nan a wani shago cikin gari. Yaron shagon har cewa ya yi, "Alhaji, wannan orijina ne, in ya ba ka matsala ka dawo da shi." Na dawo gida na sa a kwamfuta. Hotunan farko suka buɗe. Daga nan sai fayil bayan fayil, suna nan da sunansu da girmansu, amma ba abin da ke ciki. Katin ƙarami ne aka yi masa dabara yake faɗin ƙarya, da ya cika sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa. Na koma, aka ce ba su san katin ba. Kuɗin bai dame ni kamar safiyar ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: tun ranar ba na sa kati a kyamara sai na gwada shi da H2testw, wata 'yar manhaja ta kyauta da ke cika katin baki ɗaya ta sake karantawa ta faɗa maka ainihin girmansa. Tana cin lokaci, ka bar ta ta gama. Kowane RAW na D7200 yana kai wajen 30MB, jerin tara kuwa ya haura 250MB, ka ga katin ƙarya ba zai daɗe bai tona kansa ba, amma a kan aikinka zai tona. Kwali mai kyau da tambarin SanDisk ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. In farashin ya faɗi ƙasa da na kowa, araha ba ta ado.

Batir ma haka. Akwai na wasu kamfanoni da ke faɗin sunansu a fili, waɗannan ba ruwana da su. Wanda nake tsoro shi ne mai ɗauke da sunan Nikon alhali ba nasu ba ne: ya nuna a cike, ka yi bugu ɗari ya mutu, wani ma ya kumbura a cikin kyamara ya ƙi fita.

Ita kanta kyamarar, ba a cinikin biri a sama. Duk wanda ka gani a intanet ya ce ka fara tura wani abu ta MoMo kafin ɗan aike ya kawo, ka rufe maganar. Ka je da kanka, da rana, da katinka da kwamfutarka in da hali. Ka ɗauki hoto da hannunka a gabansa. Nikon tana rubuta yawan bugun shota da lambar kyamara a cikin bayanan kowane hoto, manhajar ExifTool ko shafukan duba bugu za su nuna maka. An ƙera shotar D7200 don ta kai bugu 150,000, ka ga wadda ta sha bukukuwa har ta haura 120,000 ba a sayenta da kuɗin sabuwa. Kada ka yarda da hoton da ya turo maka, zai iya zama na wata kyamara ce. Kada kuma lambar da ke jikin sunan fayil ta ruɗe ka, wannan ana mayar da ita farko a menu. Ka gwada lambar da ke cikin hoton da wadda ke manne a ƙasan kyamara.

Sannan ka juya ta ka dubi ƙananan sukurori, da ramin da ake ɗaura ƙafa-uku, da ƙarfen saman da ake saka filasha. In ka ga fari-fari ko kore-kore, ta sha gishiri ko ruwa, kuma abin da ke ciki ya fi wanda ka gani. Ka rufe lensi zuwa f/22 ka ɗauki farin bango ko sama, ka buɗa hoton sosai. Ɗigon ƙura kaɗan ana gogewa, amma ka sani HDR yana fito da kowane ɗigo ɓaro-ɓaro a sararin sama, abin da ba ka gani a hoton suna zai zame maka tabo goma a nan. Lensi kuma ka cire shi, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, danshin Accra ke haifar da ita, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashin har ba ta goguwa. Mai kaya zai ce maka ba ta fita a hoto. A hoton ɗaki wataƙila, amma ka juya ta wajen fitowar rana ka ga yadda komai zai yi hazo. Na ƙarshe, in an gama ciniki, kada kayan su bar hannunka da sunan za a sa maka a kwali a ciki. Abin da ka gwada shi za ka saka a jakarka da kanka.

Daga cikin kuɗin da ka tara, ka ware na roba mai murfi da ba ta shan iska da 'yan ƙullin silika masu tsotse danshi, nan kyamara da lensi za su riƙa kwana. Kada ka canja lensi a bakin ruwa, ka yi a cikin mota. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, gaɓar ta fi zama shiru, amma duk ranar da ka je ka fara gaida dattawan da ka tarar kafin ka kafa ƙafa-uku, kuma kada ka juya kyamara wajen tashar jiragen Tema ba da izini ba. Jirgin kuwa daga ƙasa ake ɗaukarsa, ba a hawa, ƙarfen da tsatsa ta ci yana iya burmawa da mutum.