Mun je Maya Bay da jirgin ruwa, ga abin da idona ya gani

To jama'a, tunda muka dawo ake ta tambayata wai Maya Bay ɗin nan ya ci kuɗinsa kuwa ko hoto ne kawai ke ruɗin mutane. Wurin ya haɗu wallahi, amma yadda aka kai mu ne bai min ba, bari in warware muku.

Ni da maiɗakina muka je, daga Fuket a ƙasar Tailan. Mun yanki tikitin yawon wuni ɗaya a hannun wani kamfani, irin wanda mota ke zuwa otel ta ɗauke ka ta kai ka tashar jirgi, a ba ka shayi da ƙwayar hana amai sannan a ɗaura maka zare mai kala a hannu don kar ka bi wata tawagar. Jirgin mai inji uku ne, mu wajen talatin a ciki, tafiyar kusan awa ɗaya zuwa tsibiran Phi Phi, inda bakin tekun da ake kira Maya Bay ɗin yake. Don Allah in kana da ciwon baya ko kina da juna biyu kar a zauna gaba, duk igiyar ruwan da jirgin ya haura sai ya ɗaga hanci ya buga tim, ka ji har ƙashin bayanka. Wata baiwar Allah da ke kusa da mu tun rabin hanya ta kifa kai cikin leda, ba ta ɗago ba sai da aka kashe inji.

Abin da ban sani ba kafin mu je, yanzu jirgi ba ya shiga bakin Maya Bay kwata-kwata. Ta baya ake zagawa, wani lungu da ake ce wa Loh Samah, a sauke ku kan wata gada mai yawo a kan ruwa wadda ke ta lilo ƙarƙashin ƙafarka, ga layi ga turereniya, daga nan ku bi hanyar katako ta cikin bishiyoyi na 'yan mintuna. Sai kawai wurin ya buɗe a gabanka. Na tsaya cak na ce Subhanallah. Duwatsu dogaye sun kewaye ruwan ta ɓangare uku, duk ciyayi ya lulluɓe su, ruwan kore shar ana ganin ƙasansa, yashin kuma fari fat mai laushi kamar an tankaɗe shi, na cire takalmi ƙafata ta nutse har idon sawu.

Ba a iyo a wurin fa. Iyakarka gwiwa, ka wuce nan ma'aikatan gandun (wurin yana cikin gandun da hukuma ke karewa ne) su busa maka usur. Da farko abin ya ɓata min rai, na ce mun sha wannan jijjigar kuma a hana mu shiga ruwa? Ina nan tsaye sai maiɗakina ta taɓa ni ta nuna gabanmu, wani ɗan kifin shak bai wuce tsawon hannuna ba, da baƙi a saman ƙayar bayansa, ya zo ya wuce a hankali abinsa, wani na biye da shi. Nan jikina ya yi sanyi. Tun bayan fim ɗin The Beach na shekarar 2000, wanda aka ɗauka a nan, mutane suka yi wa wurin caa, har ta kai dubbai ke zuwa kullum, jirage na sakin anga a kan murjani suna farfasa shi, sai da hukuma ta rufe shi a watan Yunin 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022. Hutun nan ne ya sa kifayen suka dawo suna haihuwa. Ni dai yanzu ina bayan masu usur ɗin ɗari bisa ɗari. Kuma a lura, sukan rufe shi a Agusta da Satumba, kar ka sa tafiyarka a lokacin.

Inda kamfanin ya ɓata min, na farko kuɗin shiga gandun, baht 400 (kuɗin Tailan) kowane babban mutum baƙo, ba su faɗa mana ba ya cikin tikiti ba sai da muka je tasha. Na biyu kuma wanda ya fi min ciwo, an ce za mu yi awa ɗaya, amma sun kai mu wajen sha ɗaya na rana lokacin da kowane jirgi ya iso, layin sauka da na hawa suka cinye lokacin, ko minti arba'in ba mu yi a kan yashin ba ɗan rakiyarmu ya fara ƙwala mana kira. Hoto ma da ƙyar ka samu wanda babu kan wani a ciki.

A Pileh ne muka huce, wani tafki tsakanin duwatsu inda ruwan yake kwance luf, nan aka bar mu muka sa rigar ceto muka faɗa. Wani bakin ruwa mai birai da aka biya da mu kuwa bai dame ni ba, daga cikin jirgi muka leƙa muka wuce. Abincin rana a Phi Phi Don, babban tsibirin cikinsu, aka ba mu, ba yabo ba fallasa, amma na ji daɗi da na ga akwai Musulmi da yawa a tsibirin har da masallaci, muka samu muka yi azahar. A hanya za ka riƙa ganin allunan da ke nuna inda za a gudu in tsunami ta taso, tunda ta 2004 ta yi musu mummunar ɓarna.

In Allah ya sa zan koma ba zan sake bin yawon wuni ɗaya daga Fuket ba. A Phi Phi Don za mu kwana, da sassafe mu ɗauki shatar kwale-kwalen katakon nan mai doguwar jela, mu riga jiragen Fuket isa, in samu in tsaya a ruwan nan zuwa gwiwa ina kallon 'yan shak ɗin ba wanda ke kirana.