DJ ɗin da muka ɗauka a bikin ƙanwata a Jidda

Masu ta tambayata a WhatsApp wai ya aikin DJ ɗin nan da muka ɗauka a bikin ƙanwata, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta don na gaji da maimaitawa. Sunanta dai ba zan kama ba, matan unguwannin Karantina da Sabil sun san wacce nake nufi, kuɗinta ma kun sani.

Tsakani da Allah yarinyar ta iya aiki. Ana idar da magariba ta iso istirahar, wato wurin da muka kama don bikin, ta haɗa kayanta, sautin ya cika wurin amma ba irin mai huda kunnen nan ba. Dama dalilin da ya sa muka nace sai mace, in namiji ne sai dai a ajiye shi wani ɗaki a ja waya zuwa ɓangaren mata, kina ta kiransa a jawwal, wato wayar hannu, canza, rage, ƙara, shi kuma bai ganin komai. Ita ko tana cikin fili tana kallon wa ya tashi wa ya zauna. Ta sa Ado Gwanja fili ya cika, ta juya kiɗan Khalij na Larabawan yankin nan saboda ƙawayen amarya, dangin ango kuma Hausawan Sudan ne 'yan Maiurno sai ta sakar musu zanig, kiɗan rawa na can Sudan, wallahi sai da muka ja baya muka ba su wuri. Da ta sa amadar marigayiya Barmani Choge har Gwaggo da kullum take kukan gwiwa sai da ta miƙe. A lokacin a raina na gama ba ta tauraro biyar.

Sai zaffa, wato waƙar da ake fito da amarya da ita.

Riyal 300 muka ƙara mata daban don a yi zaffa da sunan amarya, na tura mata sunan da Larabci na tura da boko, har da saƙon murya don kar a samu mishkila wajen furuci, ta ce khalas Anti kar ki damu. Wajen ɗaya da rabi na dare aka kashe fitilu, aka saki hayaƙi, ga turare ya tashi, amarya ta fito saman bene kowa ya yi tsit, sai kawai muryar mawaƙin ta rangaɗa wani suna daban. Ashe na wata amaryar da ta yi wa aiki kafin mu ne ta danna. To da wani suna ne can ma da sauƙi, sunan uwargidan angon ne sak, baiwar Allah tana zaune a layin gaba da 'yan uwanta, ta danne zuciyarta ta zo bikin don a zauna lafiya. Ba sau ɗaya aka kira ba kuma, kun san yadda zaffa take, ana faɗa ana nanatawa ana kirari. Wata daga baya har da guɗa, ko ta mugunta ce ko ba ta ji ba ne oho. Ita DJ kuwa ta toshe kunne da abin sauraronta tana ta gyaɗa kai, sai da Yaya ta ruga da dogon takalmi ta dafa ta sannan ta kashe. Aka bar yarinya tsaye a tsakiyar bene ba kiɗa ba fitila, hannunta na rawa, kwalliyar da aka biya kuɗi duk hawaye ya ɓata. Da aka nemo na gaskiyar ma wa ya saurara, kowa na raɗa.

Abin da ya fi ƙona min rai, ma'alesh, wato a yi haƙuri, kawai ta ce. Ma'alesh!

Kuma tunda na tuna bari in faɗa, bayan biyu na dare bikin ya koma na yara. Tun da aka fara babban bikin kiɗan nan Soundstorm a Banban can Riyad a 2019 duk wata mai kwamfuta da sifika gani take ita ce Cosmicat, shahararriyar DJ ɗin nan 'yar Saudiyya, sai ta yi ta sakin irin kiɗan su David Guetta, dum dum dum ba baiti ba amshi. Ni ban ƙi kiɗan ba, ina ji a mota, amma a gaban surukai? Inna ta aika sau nawa a rage, sai ta rage na ɗan lokaci ta sake ɗagawa. Tsofaffin dangin ango tun kafin a buɗe bufe suka ja abayarsu suka fita.

Da aka tashi kuma ta ce mun wuce lokaci da awa ɗaya sai mun ƙara kuɗi, alhali rikicin zaffar da ita ta jawo ne ya ci lokacin. Na ce to ki cire a cikin 300 ɗin mana, ta ce wai ai ta riga ta biya sutudiyo, sai dai ta yi mana ragi a biki na gaba. Wane biki na gaba Hajiya?

Don haka tauraro biyu, su ma don amadar Gwaggo da zanig ne. Mai ɗaukar bidiyo ta ce za ta iya ɗora sautin zaffar gaskiya a kan wurin amma sai an ƙara mata kuɗi, na tura wa DJ ɗin saƙo in ji ko za ta biya rabi, ta karanta ba ta amsa ba.