Inda Ƙwararren Mai Ɗaukar Hoto Zai Gina Shafinsa: Abin Aunawa Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya mayar da kyamara hanyar cin abincinsa, ko ba daɗe ko ba jima zai buƙaci shafin intanet nasa na kansa, domin Instagram da makamantansa wurin aro ne, kuma mai wuri yana sauya tsarinsa ranar da ya ga dama. A farkon 2025 Instagram ya mayar da jerin hotunan fuskar asusu daga murabba'i zuwa masu tsayi, sai aka wayi gari hotunan da masu su suka daɗe suna jerawa da lissafi an yanke musu gefe. Kafin wannan, masu ɗaukar hoto da yawa sun kashe kuɗi wajen gina shafuka da Flash, wata fasahar kamfanin Adobe mai sa abubuwa motsi a shafi, saboda ƙawarta, amma wayar iPhone ba ta taɓa buɗe irin waɗannan shafuka ba, kuma a ƙarshen 2020 kamfanin Adobe ya daina kula da fasahar baki ɗaya. Saboda haka kyawun samfurin shafi ba shi ne abin da za a fara dubawa ba. Abin da za a fara tantancewa shi ne aikin da shafin zai yi, sai kuma yadda mutum zai kwashe kayansa ya bar wurin idan zama ya ƙi.

Ayyukan da shafin mai ɗaukar hoto ke yi sun bambanta fiye da yadda ake zato. Mai aiki da mujallu da kamfanonin talla yana son wurin baje kolin hotuna ashirin ko talatin da ya fi alfahari da su, tare da hanyar da edita zai tuntuɓe shi, shi ke nan. Mai ɗaukar hoton biki da na iyali yana da wata buƙata da ta fi wannan nauyi, wato miƙa ɗaruruwan hotuna ga abokin ciniki a keɓaɓɓen wuri mai kalmar sirri, inda zai zaɓi waɗanda yake so, ya sauke su, ko ya ba da odar a wanke masa. Mai ɗaukar hoton labarai, wasanni ko namun daji kuma, ma'ajiya yake nema wadda za ta riƙe dubban hotuna da bayanansu, a iya bincikawa a cikinta, a kuma sayar da lasisin amfani da kowane hoto. Kamfanin da ya gwanance a ɗayan waɗannan galibi yana da rauni a sauran.

Mafi sauƙin zaɓi shi ne Adobe Portfolio, kuma wanda yake biyan kuɗin manhajojin gyaran hoto na Lightroom da Photoshop a tsarin Creative Cloud na Adobe ya riga ya mallake shi ba tare da ƙarin ko sisi ba. Yana jawo albam kai tsaye daga Lightroom, yana ba da damar gina shafukan intanet daban-daban har biyar, ana kuma iya haɗa shi da adireshin intanet da mutum ya saya da sunansa. Ga wanda baje koli kawai yake so, wannan ya wadatar. Sai dai ba a sayar da komai a cikinsa, samfuransa kaɗan ne, kuma idan mutum ya daina biyan Adobe, shafin ma sauka yake yi.

Squarespace da Wix su ne sunayen da aka fi ji, kuma dukansu an gina su ne domin kowane irin mai sana'a, daga mai gidan abinci zuwa lauya. Squarespace, wanda Anthony Casalena ya fara a 2003, ya yi suna wajen samfura masu tsafta waɗanda ke barin hoto ya cika ido, kuma iyakokin da ya gindaya suna hana wanda bai ƙware a zane ba ɓata shafinsa. Ba shi da tsarin kyauta, sai gwaji na kwana 14. Wix, wanda aka kafa a Isra'ila a 2006, ya fi sakin mara, domin ana iya jan kowane abu a ajiye shi a duk inda ake so, kuma yana da tsarin kyauta wanda ke ɗauke da tallan kamfanin a jikin shafi, abin da bai dace da ƙwararre ba. A ganina wannan 'yanci na Wix ya fi zama tarko ga mai ɗaukar hoto, saboda shafin da aka jera da kyau a allon kwamfuta yakan buƙaci a sake gyara shi daban domin waya. Akwai kuma wani sharaɗi da ba a cika lura da shi ba sai an yi nisa: a babbar manhajar gina shafi ta Wix, idan aka gina shafi a kan samfuri guda, ba a sauya shi da wani sai dai a fara sabon gini, kuma ba a ɗauke shafin a kai shi masaukin wani kamfani, wato kwamfutocin da ke ajiye shafi a intanet. Dukansu biyu suna da kanti, da wurin rubutu, da tsarin karɓar alƙawarin lokaci, amma ba su kai kamfanonin da suka keɓanta da hoto ba wajen miƙa aiki ga abokin ciniki.

A nan ne ya kamata mai ɗaukar hoton biki ya tsaya ya yi nazari sosai, domin a nan kuɗinsa da lokacinsa suke. Pixieset, kamfanin da ke Kanada, ya fara ne da keɓaɓɓun albam na abokan ciniki, daga baya ya ƙara ginin shafi da tsarin takardun yarjejeniya da na neman biya. Abokin ciniki yana shiga da kalmar sirri, ya yi wa hotunan da yake so alama, ya sauke su da lambar da aka ba shi, ko ya sayi wankakku daga kantin da ke haɗe da albam ɗin. Yana da tsarin kyauta mai ƙaramar ma'ajiya, amma a wannan tsari kamfanin yana cire kashi 15 cikin ɗari daga abin da aka sayar, yayin da a tsarin biya ba ya cire wannan kaso. Pic-Time da ShootProof suna fafatawa da shi a wannan fage. SmugMug, wanda iyalan MacAskill suka kafa a Amurka a 2002, ya bambanta da su da cewa ba ya ƙayyade yawan hotunan da za a ɗora, kuma yana haɗa mai shafi da gidajen wankin hoto waɗanda ke wankewa su aika wa mai saye kai tsaye, SmugMug kuma ya ɗauki kasonsa daga ribar. PhotoShelter na birnin New York ya fi karkata ga 'yan jarida da masu sayar da lasisi, domin ƙarfinsa yana wajen adana tarin hotuna da bincike a cikinsu. Format kuwa ya fi kusa da Squarespace a kamanni, sai dai tun asali an yi shi ne domin masu hoto da masu zane.

Lissafin da ya kamata a yi a wannan rukuni ba na kuɗin wata kaɗai ba ne. Tsarin da ya fi araha a wata amma yake cire kaso daga kowace sayarwa, yana iya fin tsada ga wanda yake sayar da wankakkun hotuna da yawa, kuma akasin haka ga wanda ba ya sayarwa sai jefi-jefi. Haka nan ma'ajiyar da ake ƙayyadewa da gigabait tana cika da sauri idan biki guda yana zuwa da ɗaruruwan hotuna masu cikakken girma, sai mutum ya shiga zaɓi tsakanin goge tsofaffin albam da hawa tsari mai tsada. Wani abu da ake yawan tsallakewa shi ne ko gidajen wankin da kamfanin ke hulɗa da su suna aika kaya zuwa ƙasar da abokan cinikin mutum suke, da kuma ko hanyar karɓar kuɗi, wadda galibi Stripe ce ko PayPal, tana aiki ga mai sayarwa a inda yake zaune. Idan amsar ɗayan waɗannan ta zama a'a, to rabin abin da ake biya dominsa ba zai amfane shi ba, kuma gara ya sani tun kafin ya biya kuɗin shekara.

WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, shi ne ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya. Manhajar kanta kyauta ce, amma mutum zai biya kuɗin masauki, sau da yawa kuma ya sayi samfuri da ƙananan manhajojin ƙari irin su NextGEN Gallery ko Envira Gallery domin jera hotuna, da WooCommerce domin kanti. Babbar falalarsa ita ce shafin na mai shi ne, yana iya kwashe fayiloli da rumbun bayanai gaba ɗaya ya koma wani masauki. Farashin wannan mallaka shi ne ɗawainiya: sabunta manhajoji a kai a kai, ajiye kwafi, da gyara idan wani ƙari ya yi karo da wani. Yawancin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta ƙofar manhajojin ƙari da aka bari ba a sabunta ba yake shigowa. Mai ɗaukar hoton da ba ya jin daɗin irin wannan aiki, kuma ba shi da wanda zai riƙa biya ya yi masa, bai kamata ya zaɓe shi don kawai an ce shi ne na ƙwararru ba.

Ɗaukar ƙwararren mai gina shafi ya yi na musamman shi ne mafi tsada, kuma ba ya biyan kansa sai ga sutudiyon da ya girma. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata an rubuta a yarjejeniya cewa adireshi, da asusun masauki, da fayilolin shafin duk da sunansa suke, kuma zai iya sauya hoto da kansa ba sai ya kira maginin ba.

Ko wane kamfani aka nufa, kwanakin gwaji su ne lokacin gano abin da tallarsa ba ta faɗa. A ɗora hotuna na gaske, har da masu duhu da masu sararin sama, domin a nan ne matse hoto ke barin layi-layi a launi. A fitar da su a tsarin launi na sRGB, wanda HP da Microsoft suka samar a 1996, saboda hoton da aka fitar a Adobe RGB yakan dushe idan aka cire masa bayanin launinsa a hanya. A buɗe shafin a waya, a kan datar da ba ta da ƙarfi sosai, domin a haka yawancin masu ziyara za su gan shi. Ma'aunin Google yana ɗaukar shafi a matsayin mai sauri idan babban abin da ke fuskarsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma a shafin mai ɗaukar hoto wannan babban abu kusan kullum hoto ne. Kamfani nagari yana yin kwafi daban-daban na kowane hoto ya aika wa kowane allo wanda ya dace da shi, wasu ma suna mayar da shi tsarin WebP wanda ya fi JPEG sauƙin nauyi. A Squarespace, alal misali, kwafi mafi girma yana tsayawa a faɗin fiksel 2500.

Sai batun bayanan da ke ƙunshe a cikin fayil ɗin hoto. Sunan mai hoto da bayanin haƙƙin mallaka ana rubuta su ne a tsarin IPTC, kuma tun 2018 binciken hotuna na Google yake nuna su, a 2020 kuma ya ƙara alamar da ke nuna ana iya sayen lasisin hoto. Wasu kamfanoni suna goge waɗannan bayanai lokacin da suke rage girman hoto, don haka a sauke hoto guda daga shafin gwaji a duba ko sunan yana nan. A ɗaya ɓangaren, bayanin wurin da aka ɗauki hoto, wanda waya da wasu kyamarori ke liƙawa, ya kamata a cire shi idan a gidan abokin ciniki aka yi aikin. Toshe hanyar sauke hoto da wasu kamfanoni ke tallatawa a matsayin kariya kuwa, ba abin ƙara kuɗi dominsa ba ne, tunda kowa na iya ɗaukar hoton allonsa. Abin da ke rage asara shi ne kada a ɗora cikakken girma a fili, a kuma sa tambari a jikin hotunan da abokin ciniki bai biya ba tukuna.

Kamfanonin nan suna sauya hannu fiye da yadda masu biyansu ke lura. SmugMug ya sayi dandalin hotuna na Flickr a 2018, kamfanin shafukan masu hoto na Zenfolio ya sayi Format a 2021, Squarespace kuma ya karɓi sashen adireshi na Google Domains a 2023, kuma sabon mai kamfani yana iya zuwa da sabon farashi ko sabbin sharuɗɗa. Shi ya sa ya fi dacewa a yi rijistar adireshi da sunan mai sana'ar da imel ɗinsa, ko da kamfanin ya yi tayin shekarar farko kyauta, a kuma tuna cewa a ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da adiresoshin intanet, galibi ba a mayar da sabon adireshi irin na .com zuwa wani kamfanin rijista sai ya cika kwana 60. Kafin a biya kuɗin shekara, a nemi wurin da ake sauke dukkan albam a dunƙule da asalin girmansu, a gwada shi da albam guda. A wasu kamfanoni dannawa ɗaya ce, a wasu kuma sai an bi albam ɗaya bayan ɗaya, wanda ga mai hotunan shekara biyar aikin makonni ne.