Dambun naman biki: sharhi kan wata mai yin dambu a Kubwa

Abin da ya fi burge ni da aikin wannan Hajiya shi ne ba ta karɓar oda sai ta ji yawan baƙi da abin da za a ci da dambun. Lissafinta daidai yake. Tsokar naman shanu idan aka dafa ta da albasa, citta da tafarnuwa, aka daka a turmi, aka soya har ruwan ya ƙone, abin da ke saura bai cika kai rabin nauyinta ba. Don haka kilo 12 na tsoka zalla yakan ba da dambu wajen kilo 5, wanda zai ishi mutum 100 idan da shinkafa ko masa za a ci, kowa cokalin miya biyu zuwa uku. In dambun ne kaɗai abin taɓawa, a ninka.

Daga mayankar Dei-Dei take sayo naman cinya da sassafe, ta yanke kitse da jijiya tas, domin kitse ne ke sa dambu yin ɗoyi bayan 'yan kwanaki. Zaren dambunta siriri ne, yaji bai danne ɗanɗanon naman ba.

Inda take da gyara shi ne wajen zubawa. Wani lokaci takan rufe roba da sauran ɗumi, gumi ya taru a murfi, dambun ya yi laushi. Ku ce ta shanya shi a faranti ya huce tukuna. A ba ta oda kwana uku kafin biki, kuma kada a lissafa da nama mai ƙashi.