Shekara guda ina kai ɗana asibitin gundumarmu

Katin rigakafin Abba ya fara cinyewa ta gefe saboda yawan ninkewa da buɗewa, yanzu sai a leda nake ajiye shi cikin kwalla. Jiya na ɗauko shi na ƙirga, sau tara ke nan muna zuwa ƙaramin asibitin gundumarmu tun daga ranar da na haife shi, ban da zuwan da na yi ta yi awon ciki. Ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

A ƙasar Argungu muke, gidanmu ba shi da nisa da fadama. Ruwan da ke ba mu shinkafa da kifi shi ke ba mu sauro. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa a cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi, 49 na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma babu jihar da ta kai mu. Don haka da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disambar 2024, Kebbi na sahun farko tare da Bayelsa. Abba na cika wata biyar aka yi masa ta farko, sai ta biyu a wata shida, ta uku a wata bakwai.

Ranar ta farkon ce ba zan manta ba. Malamar da ke allura ta karɓi katin, ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Maman Abba, wannan sau huɗu ake yin ta. Kada ki yi uku ki ce an gama. Kuma kada ki sauke gidan sauro don an yi masa, tana rage ciwon ne, ba ta kore shi gaba ɗaya." Sannan ta buɗe akwatin sanyin da ke gefenta, ta zaro 'yar kwalba daga tsakanin ƙanƙara, ta mayar da murfin nan take kafin ma ta ja ruwan. Ta sa na rungume shi, na danne ƙafarsa da gwiwar hannuna. Ya tsandara kuka ɗaya, na ba shi nono ya yi shiru. Da dare jikinsa ya ɗan yi zafi kamar yadda ta ce zai iya yi, na ba shi maganin da ta auna mini, da safe ya tashi garau.

Wannan bayanin nata shi ya fi komai riƙe ni a wurin. A bakinta na san dalilin da ya sa ake tsayar da rana ɗaya don allurar tarin fuka da ta ƙyanda. Garinsu ake haɗawa da ruwa, kuma da an haɗa awa shida kawai suke yi, sai a zubar da abin da ya rage. Kwalbar ta ƙyanda ta yara goma ce, ta tarin fuka ta ashirin. Da can ina jin haushi in an ce in dawo ranar kaza, ina ɗauka wulaƙanci ne.

Inna, uwar maigidanmu, da fari ba ta so yawan zuwan nan ba. "Yaro lafiya lau, mi za a yi ta tsira mai allura?" in ji ta. Amma ita ce kuma ta zare mayafi wata rana ta nuna mini tabon lamba a damtsenta, ta ce ta agana ce, tun tana yarinya aka tara su ƙofar gidan hakimi aka yi musu. Ta ba ni labarin duba-gari, yadda yake shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa ya sa a kifar da ruwan, mata na jin an ce ga shi nan kowa sai ta ɗauki tsintsiya. Na ce, "Inna, yau ina agana?" Ta yi shiru, can ta ce rabonta da ganin mai zanzana sabo ta manta. Tun 1980 aka bayyana an kawar da ita a duniya. Aikin duba-garin nan da na mai lamba shi ne ya zama sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage a kai lafiya matakin farko kusa da talaka, kuma a 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ita, shekara guda bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato. Shan-inna ma haka aka bi ta gida-gida da ɗigo biyu a baki, sarakuna suka shiga gaba, Mai Martaba Sarkin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera na cikin waɗanda suka tsaya, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa asalin ƙwayar ta bar Afirka.

Da damina ma'aikatan kan zo har gida wata-wata da maganin kariyar zazzaɓi na yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Na ranar farko a gabansu ake sha, su bar miki na kwana biyu, su yi alama da alli a bango. Awon nauyi da zaren da ake zagaya wa damtsen yaro, mai ja da rawaya da kore, duk kyauta ne. Allura ma ban taɓa biyan ko sisi ba.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai. Ranar rigakafi mata kan haura hamsin, benci biyu ne, sauran sai gindin dogonyaro. Na sha zuwa ƙarfe takwas in bar wurin bayan azahar. Ba lalaci ba ne, da idona nake gani mace ɗaya ce ke rubuta rajista, ita ke ɗora yaro a sikeli, ita ke allura, in mai naƙuda ta iso kuma ta ajiye komai ta shiga ɗaki. Banɗakin babu ruwa sai an yi sa'a. Magani kuwa, sau biyu ana tsaga ɗan yatsan 'yata, yayar Abba, a gwada jini, a tabbatar zazzaɓi ne, sannan a miƙo mini takarda in je kemis in saya don nasu ya ƙare.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na wani dare a watan Satumba. Jikin yarinyar ya yi zafi rau, ta fara fizge-fizge. Muka ruga asibitin da ke bayan gidanmu, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Sai babanta ya ɗauke mu a mashin cikin yayyafi zuwa babban asibiti, ina goye da Abba, ita tana tsakaninmu. Allah ya kiyaye, ta warke. Amma ina tunanin matar da mijinta ba shi da mashin, ko wadda ke ƙauyen da sai an haye ruwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don irin waɗannan asibitoci. Ina roƙon masu raba kuɗin su fara da ma'aikaciyar dare da magani a kanta, fenti ya biyo baya.

Duk matar da ta tambaye ni, ina ce mata ta je, ta yi sammako, ta tafi da ruwan sha da katinta. Ni ma zan koma. Malamar ta riga ta rubuta mini ranar da jan biro a ƙasan katin, wata goma sha biyar: ta huɗu ta zazzaɓi da ta biyu ta ƙyanda, rana ɗaya. Inna ta ce ita za ta goya shi zuwa can.