Guzurin yaro a jirgin sama: me za ki saya, me za ki bari a kanti

Duk uwar da ta taɓa hawa jirgi da yaro ɗan shekara biyu ta san cewa abincin da ake rabawa a ciki ba don shi aka dafa ba. Shinkafa ce da yaji, kuma sai lokacin da ma'aikatan suka ga dama take zuwa, ba lokacin da yaronki ya fara kuka ba. In bai kai shekara biyu ba ma a cinyarki zai zauna, sau da yawa ba shi da rabo sai in kin nema tun wajen yankar tikiti. Daga Kano zuwa Abuja ba a cika awa guda ba, biskit da ruwa sun isa. Amma tafiyar Umara zuwa Jidda ta haura awa huɗu a sama, ki haɗa da zaman jira a filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda in aka ɗage tashi zai iya cinye yini.

Ni dai zaɓina dankalin Hausa ne, dafaffe. Na san wata za ta yi dariya, ta ce a jirgin zuwa ƙasar waje za a buɗe dankali? A buɗe mana. Ki sayi mai jan ciki in kin samu, ya fi zaƙi da laushi, ki dafa shi da safiyar tafiya, kada ya yi luguf, ki yanka shi tsaye kamar yatsu, ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba gumi zai jiƙa shi ya dame. Ba ya wari, ba ya zuba, ba ya ɓarɓashi a kujerar mutane, yaro zai riƙe da hannunsa ya ci ba sai kin nemi cokali ba. Yana riƙe ciki, abin da biskit ba ya yi. Kuma a wurin bincike ba wanda zai tsayar da ke a kansa, tunda dokar hana shiga da abin da ya wuce mililita 100 ta abubuwan ruwa ce. Madara da abincin jarirai yawancin filaye suna ɗaga musu ƙafa, amma sai kin fito da su an duba, ga yaro a baya, ga layi yana hararar ki. Robar da za ki zuba shi ta zama mai murfi da ke kamawa ta gefe huɗu, ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ta kife a ƙasa kina da ta biyu. Yaron ya cinye dankalin a rabin farko na tafiyar, dafaffen abu ba ya son daɗewa ba sanyi.

Abokin tafiyarsa dabino ne mai laushi, ba busasshen nan ɗan Agadas ba, wanda ko babba sai ya yi da gaske. Ki cire ƙwallon tun a gida, ki yayyanka ƙanana. Amfaninsa lokacin sauka: iskar cikin jirgi tana canza nauyi, kunnen yaro ya toshe ya yi zafi, tauna da haɗiya ne ke buɗe shi. Ki ajiye dabinon da kofin ruwansa sai kin ji jirgi ya fara yin ƙasa. In yana shan nono har yanzu, wannan ya fi komai.

Sauran kuwa? Yogot da fura da nono su yi tsami, robar ta kumbura a sama, kina buɗewa ta feso miki a hijabi. Ayaba ta narke a jaka. Dafaffen ƙwai, ki tausaya wa maƙwabtanki. Cincin ya yi tauri, cakulan ya ɓata kaya. Gyaɗa da gugguru da alewa mai tauri kada ma su shiga lissafi, suna shaƙe yara ƙanana, inabi kuma sai an tsaga shi tsaye gida huɗu. Kilishi ga yaji, ga shi ƙasashe irin su Amurka da Ingila suna ƙwace nama a bakin shiga.

Sai garin abincin yara na gwangwani, wanda yawancin iyaye ke fara ɗauka. A takarda ba shi da laifi: busasshe ne, ki roƙi ruwan zafi a jirgi ki dama. Amma a nan aka ƙona ni. Ana saura kwana biyu mu tashi na aika aka sayo min gwangwani a wani shago, kuɗinsa ya yi ƙasa da yadda na sani, na ce na yi sa'a. Ban buɗe ba sai a sama. Garin ya dunƙule, yana ɗan warin tsohon mai, amma yaro na ihu, na dama na ba shi. Kafin mu sauka na canza masa kunzugu sau huɗu a banɗakin nan da ko juyawa ba a iya yi. Sai a masauki na juya gindin gwangwanin na goga da yatsa, tawadar kwanan watan ta biyo hannuna, ga inuwar wasu lambobi a ƙarƙashi. Araha ba ta ado.

Don haka in lallai shi za ki saya, ki je da ƙafarki, kada ki aiki yaro. Ki juya gwangwanin ki murza ranar lalacewar da babban yatsa. Ta kamfani ba ta gogewa haka kawai, kuma in kin ga an liƙa 'yar takarda a kanta ki ajiye. Ki nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, duk da ita ma masu jabu suna kwafa, shi ya sa ba ita kaɗai za ki dogara da ita ba. Tsatsa, lotsewa, ko murfi da ya taso, duk alamun kaya ne da ya kwana a sito ko ya sha rana. Ki ɗaga murfin robar ki ga takardar azurfar ciki a manne take ko'ina, ba alamar gam. Mai shago da ya ce miki "Hajiya, ai duk ɗaya ne, wannan na waje ne shi ya sa ba lamba," ki yi masa sallama. Biskit da madarar leda ma haka ake yi musu, musamman waɗanda ake ɓallewa daga kwali a sayar ɗaiɗai, don kwanan watan ya tafi da kwalin.

Ko dabinon bai tsira ba. Ana shafa wa tsoho mai ko ruwan sukari ya yi ƙyalli kamar sabon kawowa, musamman gab da azumi. Ki ce a ba ki uku daga ƙasan tire, ki tsaga a gaban mai sayarwar. In kin ga baƙin gari ko ƙwaro kusa da ƙwallon, ki matsa gaba. Kuma duk abin da kika sayo, ki buɗe shi a gida kwana uku kafin tafiya, ki ɗanɗana, ki ba yaron ya ci, ki ga yadda cikinsa ya karɓa.